Bindigar Shago da Bindigar Waya

Ku da kuke dawowa daga gadi ƙafafu a kumbure, ku tarar da ni a ɗakinmu na unguwar Mu'aizar ina kurɓar shayi da farar riga ko ɗigon gumi babu, na san abin da kuke faɗa in na juya baya. Wai Baba Garba ya samu aikin 'yan gata: ya zauna cikin sanyin esi, ya miƙa bindiga, ya karɓi kati, ya yi hamma. Ɗayanku har cewa ya yi ko akuya aka ɗaure a bayan kantar nan za ta iya. To ku matso ku ji. Akuya ba za ta kai azahar ba.

Shagonmu na kayan farauta ne, a Rayyan, nan ƙasar Larabawa, tsakanin mai wankin kaya da mai sayar da shayin karak. Daga ƙofa tantuna ne da fitilu da tukwanen kwana a sahara da safar hannu ta masu shaho. Can ciki bayan gilashi kuma ɓangarena: bindigogin iska da na harbin tsuntsu. Ba kowa ake sayar wa ba, sai ɗan ƙasa mai takardar izini, kuma ni da nake shafa musu mai kullum ba ni da ikon fita da ko ɗaya bakin ƙofa sai da takarda. Mai shagon, kafil ɗina da ya tsaya min a takardun zama, sunansa Abu Jasim. Mutumin kirki ne ƙwarai, fuskarsa ce dai har yau ba a sanar da ita ba.

Aikin farko da aka ba ni tsumma ne. Wanda na tarar a wurin wani tsoho ne ɗan ƙabilar Balushi, Chacha Gulam, siriri kamar sandar da yake riƙe da ita. Ya miƙo min sandar goge bututu mai ɗan buroshi a kai, da tsumman auduga, da kwalbar mai ƙarama kamar ta kwalli, ya nuna min bindiga ɗaya. Na goge tun safe har aka kira azahar. Ya ɗaga ta saitin fitila, ya rufe ido ɗaya, ya leƙa, ya ce yana hango ƙauye guda a ciki, da mutanensa da awakinsu. Na sake gogewa. Ya leƙa ya ce mutanen sun tashi, saura awakin. Haka muka yi wata da watanni ban taɓa kunama ba. A wurinsa na koyi cewa ba a miƙa wa mutum bindiga sai an karya ta an nuna masa ba komai a ciki, kuma bakinta ba ya kallon ɗan Adam ko da wasa, ko da ka rantse da Alƙur'ani cewa fanko ce. Duk wanda ya juyo da bakin bindiga wajenmu, ko ɗan wane ne, Chacha zai sa yatsa ɗaya ya ture shi gefe ba tare da ya daina maganar da yake yi ba.

Mai kuwa ɗigo ɗaya ne. Ni da na taso gidan da in ba a ga mai yana yawo a kan miya ba ake cewa an yi rowa, ranar da aka fara bar min shafawa sai na yi wa wata bindiga wanka. Mai saye ya ɗauka, ta zame daga hannunsa, ta bi ta kan kanta, ta wuce tantuna, kuma in ba don mai karak ya tare ta da ƙafa ba, da sai a shataletale za a kamo ta. Chacha bai yi faɗa ba. Ya dai tambaye ni ko soya ta zan yi.

Ɗaura madubin hange shi ne aikin da ya fi cin rai. Akwai wani siririn lungu a bayan shago da aka toshe ƙarshensa da katako da buhunan yashi, a nan muke manna takarda. Ka kwantar da bindiga a kan matashi, ka harba, ka je ka duba, ka dawo ka murɗa ɗan sukuru da ƙaramin makulli, ka sake. Ka murɗa kaɗan, ta ƙi motsi. Ka ƙara kaɗan, ta tafi Bahrain. Lungun nan ba esi, kuma a watan zafi in ka shiga da ƙiba, da ƙyar matarka za ta gane ka a hoto. Da Chacha ya tsufa ya koma garinsu, ya bar min makullansa a cikin gwangwanin alawa, har yau da su nake aiki.

Masu saye kuma iri-iri ne. Akwai wanda zai tsaya a mota ya danna ham, in na fito ya ce in kawo masa bindigogi uku ta taga ya zaɓa, kamar shayi. Akwai mai sayen ta rataye a bangon majalisa, wannan ba ruwansa da harbi, shi dai katakon ya dace da labule. Akwai tsofaffi, su ne rayuwar shagon. Tsoho zai zo ya zauna, a zuba masa gahawa, ya ɗora bindiga a kafaɗa ya saita agogon bango, ya ba ka labarin tsuntsun da ya harbo tun kafin a yi titin nan, ya yi ciniki kamar ɗan Kantin Kwari, ya tafi, ya dawo jibi ya saya. Ni kuwa ciniki a jinina yake, har na koya wa wasunsu jin kalmar albarka.

Sai shekarar waya ta zo. Ban san wanda ya fara ba, Allah dai Ya isa. Wani saurayi ya shigo da turare kamar an fasa shago, ya sa na fito masa da bindigogi har na cika kanta, ya gwada wannan a kafaɗa, ya leƙa madubin waccan, ya sha gahawa, ya ci dabino, sannan ya ɗauki hoton lambar da ke jikin kwali. A gabana ya shafa waya, ya juyo min da ita. Ga bindigar nan, irinta sak, a wani shagon intanet, kuma kuɗinta ya gaza namu da abin da zai sayi tanti har da tukunya. Ya yi min godiya mai kyau ya fita. Kafin sanyi ya shigo abin ya zama ruwan dare. Mun koma wurin gwaji kyauta, da gahawa a kai. Na yi bayani har bakina ya bushe: mu muna biyan haya, muna biyan esi, mu ne muka yi wahalar takardun shigo da kaya, mu muke ɗaura madubi. Su kuwa sai su gyaɗa kai cikin ladabi suna shafa waya.

Wata ranar Asabar Abu Jasim ya zo ya tsaya yana kallon bangon bindigogi kamar mai auna fili. Ya ce in sanyin bana ya wuce a haka, zai kwashe ɓangaren nan ya zuba turare, ya ma samu wani Ba'indiye da ya san itacen ud. Iƙamata kuwa, takardar zamana a ƙasar, a ƙarshen sanyin take ƙarewa. Bai haɗa maganganun biyu ba, ni na haɗa su da kaina. Ko dai in koma gida, ko in nemi hula da rigar gadi in tsaya a ƙofar gini tare da ku, da wannan cikin nawa da rana za ta gani ta yi murna.

Tun daga ranar na buɗe wa bindigar waya wuta da baki. Na ce zafin jirgi yana lanƙwasa bututunsu. Na ce akwai wanda ya saita tantabara da ita ya fasa tankin ruwan maƙwabcinsa, kuma tankin a bayansa yake. Na ce wani ya buɗe kwalinsa ya tarar da bindigar tana tari. Wasu sun yi dariya, wasu sun ji tsoro, ɗaya ko biyu ma sun saya.

Ana haka sai ga Shaiba Mubarak. Shaiba haka suke ce wa dattijo a nan, shi kuwa wannan dattijo ne na gaske: majalisarsa ce ta tara kusan duk tsofaffin da suka rage mana, in ya yi tari su ma sai su yi. Yana da gona a bayan gari, kuma wasu tsuntsaye masu rawayan baki sun addabi dabinonsa. Ya shigo da ɗansa Fahad, mai gemu a gyare da waya biyu, da direbansa Isaka, ɗan Zangon Kumasi, wanda muke sallar Juma'a tare. Na fito da bindigar iska mafi kyau da muke da ita. Tsoho ya ɗora a kafaɗa, ya saita agogo, na ga ta kwanta masa. Sai Fahad ya juyo da waya.

Nan na kawo labarin tanki. Na ƙara masa ma, na ce ruwan ya tafi da kaji. Isaka yana bayan tsoho yana yi min alama da ido in tsaya, ni kuwa na riga na hau. Shaiba ya saurara har ƙarshe yana jan carbi. Sannan ya ce khalas, magana ta ƙare: Fahad ya yi odar tasa ta waya, ya bi duk takardun da hukuma ke so, in ta iso in kawo tamu gona a gwada su a gaban idonsa. In tamu ta fi, zai saya, kuma zai faɗa a majalisa. In kuwa ta waya ta harba daidai, wannan ma zai faɗa a majalisa, har da sunana.

Da suka fita Isaka ya dawo kamar ya manta makulli. Ya ce, "Massa Garba, kai da bakinka. Tsohon nan in ya faɗi abu a majalisa, ko raƙumi ya ji."

Takardun Fahad sun ɗauki lokaci, ni kuma na duƙufa addu'a. Ban roƙi sharri ba. Na dai roƙi Allah Ya sa kwalin ya ɗan faɗo daga wani wuri mai tsayi. Har wani ɗan garinmu da ke ɗaukar kaya a filin jirgi na tambaya ko suna yawan yar da kwali, ya ce shi tun da ya fara aiki bai taɓa ba, na ce masa ai ba a makara. Sanyi ya yi nisa, sai Isaka ya bugo ya ce kaya sun iso, ko kunnen kwalin bai lanƙwashe ba.

Ranar gwaji Abu Jasim ya sa hannu a takardar fita da bindiga, ya miƙo min ba tare da ya kalle ni ba. Ya ce in na dawo da ita, in biya in duba farashin akwatin komawa gida. Na shafe safiyar a lungu ina murɗa sukuru har sai da ta koma tana sa ƙwayar harsashi a ramin ƙwaya. Bayan la'asar Isaka ya ɗauke ni.

An shimfiɗa darduma a gindin dabino, an jera gwangwanayen madara a kan wani bulo can nesa, ga tsofaffi biyu daga majalisa an gayyato su shaida. Fahad ya buɗe kwalinsa. Na leƙa ina neman lanƙwasa, ina neman tsatsa, ina neman ko tari. Ba komai. Kamfani ɗaya, katako ɗaya, har warin man ɗaya. In da za a haɗa su da tamu a rufe min ido, ni da na raine ta ba zan gane ɗiyata ba. Madubin ma ya ɗaura da kansa, wai a bidiyo ya gani, abin da na yi shekaru ina zubar da kitse a kansa.

Fahad ya ɗauki tasa, ya harba, gwangwani ya yi tsalle. Ya sake, wani ya bi shi. Ya karɓi tamu, ita ma haka. Babu bambanci ko na gashin gira. Ɗaya daga cikin shaidun ya waiwaya ya dubi tankin ruwan gonar da ke bayanmu, ya ga yana nan lafiya, ya dube ni. Ni kuwa na fara tunanin lambar takalmin gadi da zai shige ni.

Sai Shaiba ya ce yalla, a ba shi, ai shi zai yi amfani da ita. Ya fara da tamu. Ya gyara zama, ya ɗora, ya daɗe yana saiti har na zaci barci ya ɗauke shi. Ya harba. Ƙura ta tashi a wani wuri da ba shi da dangantaka da gwangwani ko ta wajen uwa. Ya sake. Wannan karon ganyen dabino ne ya faɗo. Tsoho ya ajiye bindiga ya juyo kaina. Ya fara da ni, ya gangara kan shagon, ya bi ta kan Abu Jasim, ya dawo kaina. Ya ce na kawo masa sandar kiwo, ya ce madubin nan gindin kwalba ne, ya ce shi da yake harbo tsuntsu a sama tun ban san hannun dama ba.

Ku kun san yadda aka raine mu. Dattijo sa'an ubanka yana faɗa, ba ka tsaya masa a ka kamar turken wuta. Ban yi shawara da kowa ba, gwiwoyina ne suka yanke hukunci. Kawai na ji ni a tsugune a gefen darduma, na cire hula, kai a ƙasa, ina cewa, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Laifina ne. Ni na ɗaure sukurun nan da yawa. A yi haƙuri."

Faɗan ya tsaya cak. A nan ƙasar ba a tsuguna wa mutum, yaro yana sumbatar goshin babba ne ya zauna abinsa. Tsoho ya dubi Isaka ya tambaya ko cikina ne ke ciwo. Isaka ya ce a'a, haka mutanenmu suke karɓar faɗan manya. Shaiba ya ce, kullum? Isaka ya ce ko sau nawa ne. Sai tsoho ya gyara zama, ya ɗora daga inda ya tsaya, amma yanzu a natse, kamar mai cin nama mai laushi. Da ya gama na karɓi bindigar, na sa makulli a sukuru, na murɗa shi gaba na dawo da shi inda yake, na hura madubi na goge da hula, na miƙa. Ya harba. Bai samu ba, amma ya ce ta fi ɗazu.

Sannan aka miƙa masa ta waya. Ya saita, ya harba, ƙura ta tashi a wurin ɗazu, kusan a ramin ɗazu. Ya ajiye ta, ya cika ƙirji da iska, ya juyo. Ya dube ni, ya tuna ba tawa ba ce. Ya dubi Isaka, Isaka ya shiga duba tayar mota. Ya dubi ɗansa.

Fahad ya ce, "Baba, bindigar lafiyarta ƙalau, yanzu na harba da ita. Idonka ne. Tun bara likita ya ce ka sa tabarau."

Shaidu biyu suka sa ido a cikin kofunan gahawa kamar an rubuta wani abu a ciki. Tsoho ya ce a kira masa wanda ya sayar da ita, yanzu. Fahad ya ce ai ba mutum ba ne, shafi ne. Tsoho ya ce, shafin ba shi da uba? Aka dai lalubo lamba aka buga, aka sa a lasifika. Kiɗa ya tashi. Can wata murya mai daɗi ta ce in Larabci ake so a danna ɗaya. Shaiba bai danna komai ba, ya karɓi wayar ya riƙe ta a gaban bakinsa ya zuba mata abin da ya tara, tun daga kamfanin har jirgin da ya ɗauko kwalin. Ya yi kyau ƙwarai, ni da na saba ji na yaba. Da ya tsaya shan iska, muryar ta gode masa da kiran da ya yi, ta ce yana da muhimmanci a wurinsu, ta sake cewa a danna ɗaya.

Tsoho ya miƙa wa ɗansa waya da yatsu biyu. Ya jawo bindigarmu ya ɗora a cinya. Fahad ya ce, Baba, iri ɗaya ce fa, kuma wannan ta fi tsada nesa ba kusa ba.

Shaiba ya ce, "Taka ba ta da mutum. Wannan da mutuminta ake sayarwa." Ya nuna ni da carbi, ni kuwa har lokacin ina tsugune, don gaskiya tashin ne ya gagara. Isaka ne ya kama ni ta hammata.

Bai nemi ragin ko riyal ɗaya ba, mutumin da ya taɓa yin ciniki da ni a kan igiyar tanti har aka kira magariba. Na koma shago hannu wofi sai takarda. Abu Jasim ya duba bayana, ya duba hannuna, ya tambayi abin da na gaya wa tsohon. Na ce ban ce komai ba, haƙuri kawai na bayar. Ya ce in ci gaba da bayarwa.

Maganar ta shiga majalisa kamar yadda aka yi alkawari. A cikin makon tsofaffi suka fara zuwa, kowa da takardarsa. Ba wanda ya tambayi nisan harbi ko nauyin ƙwaya. Wani ma daga ƙofa ya tambayi mai karak ko nan ne shagon da ake tsugunawa. Kafin sanyi ya fita bangon nan ya yi giɓi, aka sabunta min iƙama, Ba'indiyen turare kuma ban sake jin labarinsa ba. Yanzu duk ranar Lahadi, bayan an dawo daga hutun mako a gona, layi ake yi. Wanda ya kuskure tantabara, wanda ya harbi bokitinsa, wanda jikansa ya yi masa dariya, duk su zo su sauke a kaina. In tsuguna, in murɗa sukuru gaba in dawo da shi, su tafi da sauƙin zuciya, wasu har su ƙara da fitila ko tukunya. Abu Jasim da kansa ya sayo min ɗan kilishi mai laushi ya shimfiɗa a bayan kanta. Likitan da na kai wa gwiwata ya tambayi sana'ata, na ce sayar da bindiga, ya daɗe yana kallon hoton ƙashin.

Kwanakin baya sai ga Fahad ya shigo, da bindigarsa ta waya a cikin jaka da abokai uku a bayansa suna danne dariya. Ashe sun fita gasar gwangwani, bai taɓa ko ɗaya ba, a gaban surukinsa. Ya ajiye ta a kanta da ƙarfi, ya ce madubin nan ya goce, kuma ya tsaya yana kallona, yana kallon kilishin, yana jira.

Na karya ta na duba ba komai a ciki, na leƙa bututu, na juya ta na karanta lambar. Sannan na tura masa abarsa a hankali, ina tsaye ƙyam a kan ƙafafuna.

Na ce, "Yallaɓai, wannan ba 'yar gidan nan ba ce. Ka kira su, ka danna ɗaya."